Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin kasuwanninmu na Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Obalende, Ojo, Mile 12 da sauran zangunan jihar nan. Allah ya gafarta malamanmu, limaman Juma'a da na hamsu salawati. Gaisuwa ga shugabannin 'yan gwari, 'yan hatsi, 'yan kara, mahauta da direbobi.

Ni ɗanku ne, ina sana'ar kayan gwari a Mile 12. Abin da ya sa na rubuto a fili maimakon in zo fada in durƙusa, maganar ta shafi jama'a da yawa waɗanda ba su da hanyar zuwa gabanku, kuma ina so su ma su ji.

Tun da wannan matsi na tsadar rayuwa ya sauko mana, nasihar da muka fi ji daga mumbari da fada ita ce a yi haƙuri, a dage da addu'a, sauƙi na tafe. Na yarda da wannan nasiha, kuma ina cikin masu kyautata zato ga ƙasar nan. Sai dai ina ganin an bar rabin maganar a baya. Iyayenmu da suka tsallake wahalhalun baya a garin nan sun yi haƙuri, amma kuma suna da tsari na riƙe juna. Tsarin nan ne yake sukurkucewa a kan idonmu, ku ne kuma kuke da ikon ɗaure shi.

Ba sai na faɗa muku yadda abin ya faro ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu. A watan Yunin 2023 aka sakar wa naira mara a kasuwar canji. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, na abinci kuwa ya wuce kashi 40 a tsakiyar shekarar. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, Legas ta mai da nata 85,000, to amma mu nawa ne a cikinmu ke karɓar albashi? Ɗan dako da mai shayi da mai ga-ruwa da mai yankan farce, albashinsu shi ne abin da suka samu kafin magariba.

A wajenmu 'yan gwari, wahalar a kan hanya take fara kama mu. Daga Kadawa ko Ɗanja zuwa nan tafiyar kusan kilomita dubu ce. Babbar mota da gas take tafiya, shi kuma gas tun 2022 ya yi tashin gwauron zabo, kafin ma a taɓa fetur. Taya da kayan gyara da dala ake shigo da su. Ga shingaye, kowane da hannun da ake miƙowa. Ga shekarun da direbobi suka yi suna tsoron hanyar Birnin Gwari, suna zagaye mai nisa. Ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025, ban da rayukan da ta ci, Allah ya jiƙansu, ta nuna mana cewa ruwan dare ɗaya ya isa ya tsayar da abincin Kudu a hanya. Duk wannan a kan kwandon tumatir yake sauka. Matar da ta zo daga Ketu ko Ikorodu ta ji farashi ta riƙe baki, mu take kallo, don mu ne a gabanta. Ba ta ga gas ba, ba ta ga shinge ba.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, kuma ina da dalili.

Dattawan da ke cikinku sun ga farin 1973 da yunwar da ta biyo baya, lokacin da shanu suka riƙa faɗuwa a Arewa. Sun ga tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari a 1982, sun bi layin madara da sabulu da sukari a 1984, shekarar da aka canja kuɗi cikin gaggawa. Sun ga SAP, shirin sauya fasalin tattalin arziki na Babangida a 1986, wanda ya karya nairar da a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja. Da aka mayar da babban birni Abuja a Disamban 1991, Legas ba ta durƙushe ba, sai ma ƙara cika da ta yi. Mu na baya mun ga karayar tattalin arziki ta 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina. Mun ga kullen korona a 2020. Mun ga farkon 2023, lokacin da mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen biredi a hannu. A waɗannan makonni na ƙarancin takardun kuɗi, Mile 12 ba ta rufe ba. An ba da kaya a kan amana, dattijon da bai taɓa riƙe babbar waya ba ya koyi karɓar taransfa, yaron da ke da na'urar POS ya zama bankin layi guda. Babu wata hukuma da ta tsara mana wannan, mu muka tsara wa kanmu.

Wannan hali kuma ba namu ne mu kaɗai ba. Maƙwabtanmu Ibo sun fito daga yaƙin basasa a 1970, kowa aka ba shi fam 20 komai yawan abin da ya bari a banki. Ku dubi kasuwannin Alaba da Ladipo yau. Da me suka gina su? Mai shago ya ɗauko yaro daga ƙauye, ya riƙe shi shekaru yana koya masa, ranar sallama ya ba shi jari. Matan Yarbawa na kasuwa da adashinsu suka biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a. Idan ana maganar juriyar 'yan Najeriya, ni abin da nake gani ke nan, mutanen da suka saba tallafar juna a wurin da hannun gwamnati bai kai ba.

Mu ma muna da namu, kuma ya girmi Najeriyar kanta. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, cikin Ghana ta yau, a ƙafa da jakuna, su ne da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 suka juyo da akalar cinikin zuwa nan Kudu. Goro ne ya kafa Zangon Agege, a ɗaure shi a huhu a loda a jirgi ya nufi Arewa, shanu kuma su gangaro. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne maigida. Baƙo ya sauka da kayansa bai san kowa ba, bai iya Yarbanci ba. Maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya ajiye masa kuɗinsa. Idan mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ne ke tsaya wa baƙon; in aka cinye kuɗin, shi zai bi, in ta ƙi ya biya daga aljihunsa, don sunansa shi ne jarinsa. Yaron gida ya fara da share rumfa da kai wa baƙi abinci, ya zama dillali yana cin la'ada, maigida ya yi masa aure, wata rana shi ma ya buɗe nasa masaukin. In baƙo ya kwanta ciwo akwai mai jinya, in ta Allah ta kasance akwai mai sutura, akwai kuma mai aika saƙo gida. Ba takarda, ba lauya, amma dukiya mai yawa ta yi ta kai da komo tsakanin Kano da Ikko shekara da shekaru ta wannan hanya.

Ranku ya daɗe, yaron da ya diro daga bayan tirela a Legas yau, wane ne maigidansa?

Wannan ita ce tambayar da ta sa ni rubutu. Yaran da ke zuwa yanzu da yawansu ba 'yan cirani ba ne irin na da, masu zuwa bayan girbi su koma da faɗuwar ruwan farko. Wasu daga Zamfara da Katsina da Sakkwato suke, an kore su daga gona, ba su da damina da za su koma wa. Wasu daga Borno da Yobe. Acaɓa ce ta riƙe dubbansu, har aka hana ta a manyan sassan birni a Fabrairun 2020, aka sake tsananta dokar a Yunin 2022 a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe a Satumba. An kama babura an niƙe su a bainar jama'a. Gwamnati tana da hujjarta ta haɗurra da tsaro, ba kuma wannan na zo musu a kai ba. Abin da ke damuna, da aka raba yaran nan da babur, ba mu taru mun tambayi kanmu ina za su nufa ba. Wasu sun koma bola jari, wasu dako, wasu suna kwana a barandar masallaci ko ƙarƙashin gada. Aka zo aka rushe kasuwar Alaba Rago a 2024, mutanen da suka yi shekaru suna kasuwanci a wurin suka watse. Yaro mai jini a jika, ga yunwa, ga babu wanda zai tambaye shi inda ya kwana, mai sayar da ƙwaya ne zai fara samunsa, ko ɗan siyasa mai neman 'yan daba. In ya yi ɓarna kuma, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Bahaushe ne.

Roƙona na farko ke nan, a dawo da maigida. Duk mai rumfa ko shago ko turke da Allah ya rufa wa asiri, a ɗora masa yaro ɗaya ko biyu a gaban sarki da liman, a san shekarun da zai yi, a san abin da za a sallame shi da shi. Kada abin ya tsaya a kan kasuwa kaɗai. Legas gari ne da ba a daina gini a cikinsa, kullum ana neman mai walda, mai haɗa wutar sola, mai aikin famfo, mai gyaran waya, mai sa tayil. 'Yan'uwanmu da suka iya waɗannan sana'o'i suna nan, ba a dai taɓa tara su an ce kowa ya ɗauki almajiri ba. Ku kuke da bakin da za a ji.

Sai batun kuɗi, wanda na san ba a son taɓawa. Kowace mota da ta shigo kasuwa akwai abin da take biya wa ƙungiya, kowane kwando, kowane buhu, kowace dabba. Ban zargi kowa da cin ko sisi ba. Abin da nake nema, a ware wani kaso sananne a zuba a asusun taimako, a sa amintattu uku ko huɗu su riƙe, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a. Yanzu in mota ta faɗi a hanyar Jebba da kayan mutum, jarinsa ya tafi ke nan, sai dai a bi rumfa-rumfa da faranti ana tara masa abin da ba zai sayi kwando goma ba. In ɗan dako ya karye, haka. Asusun da aka tara a lokacin da ciniki ke tafiya shi ke tayar da irin waɗannan. Allah ya gafarta malamai, ku kuka karantar da mu yadda Annabi Yusuf, alaihis salam, ya sa aka adana hatsin shekara bakwai na wadata saboda bakwai na fari, da yadda Sayyidina Umar ya aika larduna a kawo abinci Madina a shekarar yunwa, ya kuma haramta wa kansa maiƙo har talakawa suka samu. Muna so mu ji waɗannan a huɗuba tare da ayoyin haƙuri. Zakkar attajiranmu na Legas ma, maimakon a canja ta zuwa sababbin 'yan ɗari biyar-biyar a raba a ƙofar gida, a tara ta ta zama jarin mutum goma da ba za su dawo karɓa baɗi ba. A fara da zawarawa da matan da mazajensu suka rasu, masu tuwon sayarwa da fura da ƙosai a lungunan Agege da Idi-Araba. Su ne suka fi kowa iya juya ƙaramin jari, adashinsu kuma bai cika mutuwa ba.

Akwai kuma haƙƙinmu da muke bari a ƙasa saboda rashin sani. Jihar nan tana da katin mazauna na LASRRA, kuma ba a tambayar mutum ƙabilarsa kafin a ba shi. Da shi ake neman rancen asusun LSETF na masu ƙananan sana'o'i. Akwai inshorar lafiya ta Ilera Eko. Akwai ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali kyauta. Mutanenmu da yawa sun shekara ashirin a nan, suna biyan haraji da kuɗin tikiti kullum, amma sunansu ba ya cikin kowane littafi, saboda suna ganin kansu baƙi ne masu shirin komawa gida. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci, ga su nan sun gama makaranta suna zaune. A ba su tebur a ƙofar kowace fada su riƙa cike wa mutane takardu. A kuma tura wakilai gidajen yarin Kirikiri da Ikoyi a duba ko akwai namu da ke tsare ba a kai su gaban alƙali ba don babu mai bibiya.

Mu 'yan kasuwa ma akwai gyara a wajenmu. Tumatirin da ke ruɓewa tsakanin gona da Mile 12 ba kaɗan ba ne, saboda kwandunan da ake jibga wa juna har na ƙasa ya zama ruwa. Waɗanda suka koma akwatunan roba sun ga bambanci, amma tsadarsu da kuɗin mayar da su Arewa ba komai a ciki sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙungiya ce za ta saya ta riƙa ba da haya. A 2016 an gwada ɗauko shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa mayankar Oko-Oba da ke Agege, suka iso ba su rame ba, daga baya abin ya tsaya. Sabon layin dogo daga Legas ya kai Ibadan tun 2021. Idan manya suka zo neman ƙuri'a, ga abin da ya kamata ku sa a gabansu: jirgin kaya daga Arewa zuwa Legas, da rage shingayen hanya. Ya fi buhunan shinkafar da ake rabawa a cinye cikin mako. Wanda kuma ya ɓoye hatsi don ya yi tsada, ko ya tauye mudu, ko ya jera manya a saman kwando ya cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, ku hukunta shi a cikin gida tun kafin ya ja mana zagi a waje.

Zaman lafiya da masu masaukinmu shi ne jarin da ya fi kowane girma, kuma lokacin yunwa ne ya fi saurin karyewa. Mun ga rikicin Ketu a 1999, mun ga na Idi-Araba a 2002, mun ga na Mile 12 a Maris ɗin 2016, inda aka rufe kasuwa kowa ya yi asara. Bayan rikicin Shasha na Ibadan a 2021 an tsayar da kawo abinci Kudu na 'yan kwanaki. Na fahimci zafin ran da ya jawo hakan, rayuka da dukiya aka rasa. Amma mu tuna abin da ya faru: kaya sun yi tsada a nan, a can kuma tumatir da albasa suka rasa mai saye, manomin Kano ya zuba ido amfaninsa na lalacewa. Mun gane a lokacin cewa cikin Legas da gonar Arewa igiya ɗaya ta ɗaure su. Ku riƙa zama da sarakunan Yarbawa da iyayen kasuwa mata tun babu abin da ya faru, ku bayyana musu abin da ke sa kaya tsada, ku ji nasu koken. Faɗan ɗan acaɓa da fasinja, ko na ɗan dako da mai kaya, a kashe shi a wurin kafin ya kwana.

Ban ce gari ya waye ba, amma akwai alamun da nake gani. Matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, bayan shekarun da muka yi muna haƙo ɗanyen mai muna sayo tatacce daga waje. Jirgin ƙasa na cikin gari yana bi ta Agege zuwa Oyingbo. A 2025 naira ta ɗan natsu, farashin masara da shinkafa ya sauko, ko da yake manomin da ya sayi taki da tsada shi ya ji a jikinsa, wannan ma abin dubawa ne don in ya yi fushi ya rage noma mu ne za mu rasa abin sayarwa. Sauƙin da zai zo, ko yaya girmansa, zai fi amfanar wanda ya same shi da sana'a a hannu da ɗan jari da suna a rajista. Tsorona shi ne ya zo ya tarar da yaranmu a warwatse.

Don haka ina roƙonku, ranku ya daɗe, ku kira taro guda kafin azumi mai zuwa, na dukkan zangunan jihar nan, ba na naɗin sarauta ko tarbar baƙo ba. A gayyato mata, a gayyato shugabannin 'yan dako da 'yan bola jari da tsofaffin 'yan acaɓa, a bar su su yi magana da bakinsu. A fito da sunayen iyayen gidan da suka yarda su ɗauki yara, da amintattun da za su riƙe asusu, da ranar da za a dawo a ba da bayani. Ni na ɗauki alkawarin yara biyu a rumfata, kuma na san maƙwabtana a layinmu da za su yi haka idan daga bakinku umarnin ya fito.

Idan akwai inda harshena ya yi kaifi, ku yafe wa ɗanku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ƙasarmu sauƙi.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
mai sana'ar gwari a kasuwar Mile 12, Legas.